Lauyoyin Landan da shari'ar dala miliyar 11: abin dubawa kafin tamu da Orano ta yi nisa

Tun da hukumomin ƙasarmu suka karɓe lasisin Imuraran daga hannun kamfanin Orano na Faransa a watan Yuni na 2024, sannan suka maida Somaïr ta Arlit mallakin ƙasa a Yunin 2025, maganar "kotun duniya" ba ta bar bakin jama'a ba. A majalisun hira na Maradi, a tashar Tibiri, har cikin garake a nan Jiratawa, za ka ji wani ya ce ai Faransawa sun kai mu ƙara, wani ya ce to su kai mana, ƙasarmu ce, ƙarfenmu ne. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wannan: idan aka ce an kai ƙasa ƙara, wa ke tashi ya yi magana da sunanta, kuma nawa ake biyan shi?

Wurin da Orano ya kai kukansa sunansa CIRDI, wata cibiya ce ta Bankin Duniya a Washinton da aka kafa da yarjejeniyar 1965, kuma Nijar na cikinta tun shekarun 1960. Ba kotu ba ce irin wadda muka sani, mai alƙali guda da ke zaune shekara da shekaru. Kowace shari'a mutum uku ake naɗa mata: mai ƙara ya zaɓi ɗaya, wanda ake ƙara ya zaɓi ɗaya, na ukun ya shugabance su. Ana ce mata shari'ar sasanci, amma kada sunan ya ruɗe ku, hukuncinta yana kama ƙasa kamar yadda bashi ke kama mutum. Ainihin masu aikin kuwa, masu tara takardu, masu neman shaidu, masu rubuta hujja shafi ɗari-ɗari, su ne manyan kamfanonin lauyoyi na Landan, Paris, Niyok da Janeba. Bari mu ɗauki guda ɗaya mu duba shi ciki da bai, wanda ya tsaya wa maƙwabtanmu na Najeriya a shari'ar da ta kusa tsiyata su. Sunansa Mishcon de Reya.

Mafarinsa mutum ɗaya ne. Victor Mishcon, ɗan wani malamin addinin Yahudu, ya buɗe ɗan ofishinsa a 1937 a Brixton, unguwar masu ƙaramin ƙarfi a kudancin Landan, yana da shekara 22 kacal. Ya haɗa aikin lauya da siyasa a jam'iyyar Leba, ya shugabanci majalisar birnin Landan a 1954, aka ba shi kujera a majalisar dattawan Ingila a 1978, ya rasu a 2006. A 1988 ofishinsa ya haɗe da wani ɓangare na kamfanin Bartletts de Reya, daga nan sunan da ake kiran su da shi yau ya fito. Hedkwatarsu a Landan tana cikin wani tsohon gini da ake kira Africa House, wato Gidan Afirka, wanda ƴan kasuwar zamanin mulkin mallaka suka gina. Sunan ya zo daidai da labarinmu, ko da yake ba don mu suka shiga gidan ba.

Jerin mutanen da suka ɗauke su aiki shi ke nuna ko su wane ne. A 1955 Victor Mishcon na cikin waɗanda suka yi ta fafutukar ceto Ruth Ellis ana gobe za a rataye ta, ba su yi nasara ba, kuma ita ce mace ta ƙarshe da aka zartar wa hukuncin kisa a Birtaniya. A 1987, a gidansa na Landan ne Sarki Husaini na Jodan da Shimon Peres na Isra'ila suka gana a asirce. A wannan shekarar dai ya tsaya wa ɗan siyasa Jeffrey Archer, wanda ya kai wata jarida ƙara kan ɓata suna ya ci fam dubu 500. Shekara 14 bayan nan aka gano Archer ƙarya ya shirga wa kotu, aka ɗaure shi. A 1996 lauyansu Anthony Julius ne ya riƙe wa Gimbiya Diana shari'ar rabuwarta da Yarima Charles, wanda yau shi ne sarkin Ingila. A 2000 suka kare malamar tarihi Deborah Lipstadt daga David Irving, mai musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, suka yi nasara. A 2017 da 2019 kuma suka tsaya wa wata ƴar kasuwa, Gina Miller, ta kayar da gwamnatin Birtaniya kanta har sau biyu a kotun ƙoli kan yadda ake tafiyar da ficewa daga Tarayyar Turai.

Akwai kuma ɗaya gefen. A Janairun 2022 hukumar da ke sa ido kan lauyoyin Ingila ta ci su tarar fam 232,500, wajen miliyan 180 na sefa, saboda sakaci wurin bincikar asalin kuɗin wasu da suka yi wa aiki, kuma a lokacin hukumar da kanta ba ta taɓa cin wani kamfanin lauyoyi tarar da ta kai haka ba. A tsibirin Malta, iyalan ƴar jarida Daphne Caruana Galizia, wadda aka kashe da bam a cikin motarta a 2017, sun zargi kamfanin da aika mata wasiƙun barazanar shari'a a madadin masu kuɗin da take bincike a kansu.

To kun ji su. Yau suna bayan gimbiya, gobe suna bayan wanda ke faɗa da gwamnati, jibi suna bayan attajirin da ke son a rufe bakin ɗan jarida. Wannan ba zagi ba ne, sana'ar ke nan. Babban kamfanin lauyoyi ba ya da ƙasa, ba ya da dangi, yana da wanda ya ɗauke shi aiki. Kuma Mishcon ba shi ne babba a cikinsu ba: abin da yake samu a shekara wajen fam miliyan 300 ne, alhali Kirkland & Ellis na Amurka ya wuce dala miliyar 7. (Idan mun ce dala a nan, ta Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kada wani ya yi lissafin kasuwar Tibiri da ita.) Babban lauya a irin waɗannan gidaje yakan caji sama da fam dubu a awa guda, wato jikka 700 da ɗoriya, kuma shari'a ɗaya takan ci lauyoyi gommai na tsawon shekaru.

Yanzu ga yadda Najeriya ta faɗa hannunsu.

Ranar 11 ga Janairu 2010, ma'aikatar man fetur ta Najeriya, zamanin minista Rilwanu Lukman, ta sa hannu kan yarjejeniyar shekara 20 da wani kamfani mai suna P&ID. Wasu mutanen Ailan biyu ne suka kafa shi, Michael Quinn da Brendan Cahill, suka yi masa rajista a wasu ƴan tsibirai na Birtaniya da ke tekun Karibiyan, inda ake ɓoye sunan masu dukiya. Sharaɗin shi ne gwamnati ta kawo iskar gas kyauta, kamfanin ya gina masana'anta a Kalaba ya tace ta, ya maido wa Najeriya wadda za ta ba da wutar lantarki, shi kuma ya sayar da ragowar. Gwamnati ba ta kawo gas ba. Kamfanin bai aza ko bulo ɗaya ba. A 2012 sai ya kai ƙara gaban ƴan sasanci a Landan, yana neman ribar da ya ce da ya samu cikin shekara 20 ɗin da aka hana shi.

A 2015 an yi maganar a sasanta kan dala miliyan 850, ba a biya ba. Ranar 31 ga Janairu 2017 hukunci ya fito: Najeriya ta biya dala miliyar 6.6, da ruwan kashi 7 cikin ɗari a shekara. Biyu daga cikin alƙalan uku ne suka yanke haka, na ukun, wanda Najeriya ta zaɓa, ya ce dala miliyan 250 ta isa. Ruwan kaɗai ya haura dala miliyan 1 kowace rana ta Allah. Wani asusun masu zuba jari ma ya zo ya sayi rubu'in kamfanin, don ba masana'anta yake saye ba, hukuncin yake saye, kamar mai sayen amfanin gona tun yana tsaye. A Agustan 2019 wata kotun Landan ta ba P&ID izinin fara kama dukiyar Najeriya, lokacin bashin ya kai miliyar 9.6. Kafin 2023 ya haura miliyar 11. Idan aka juya shi zuwa kuɗinmu, ya wuce miliyar dubu 6 na sefa, ya ninka kasafin kuɗin Nijar na shekara guda har sau biyu. A kan masana'antar da ba a gina ba fa.

A wannan hali ne Mishcon de Reya ya shigo, a ƙarshen 2019. Dokar Ingila kwana 28 ta ba wanda bai yarda da hukuncin sasanci ba ya ƙalubalance shi, ga shi an kusa shekara uku. Ƙofa ɗaya ta rage: a nuna cewa da zamba aka samo hukuncin. Sai suka koma bin sawun kuɗi. Suka je kotun Niyok suka nemi a tilasta wa bankuna su fito da takardun hada-hada, suka haɗa da binciken hukumar EFCC ta Najeriya. A Satumban 2020 alƙali ya yarda a buɗe shari'ar duk da lattin. Aka yi zaman mako takwas a farkon 2023. A tsarin Ingila aikin kashi biyu ne, lauyoyin ofis su shirya komai, sannan su ɗauko wani ƙwararre ya tsaya gaban alƙali ya yi magana. Wanda ya tsaya wa Najeriya shi ne Mark Howard.

Ranar 23 ga Oktoba 2023 alƙali Robin Knowles ya yanke cewa da zamba aka samu hukuncin. Abu uku ya dogara da su. An ba Grace Taiga, daraktar sashen shari'a ta ma'aikatar man fetur a lokacin da aka sa hannu, cin hanci, kuma Quinn ya ɓoye wannan a shaidar da ya bayar. An ci gaba da biyan ta ana cikin shari'a don ta yi shiru. Na ukun shi ne mai ban tsoro: takardun sirri na lauyoyin Najeriya, inda suke tattauna dabararsu da raunin hujjarsu, suna ta zuwa hannun P&ID ana tsakiyar shari'ar, kamfanin kuma ya riƙe su. Wato kana kokawa da mutum, wani na gidanku yana raɗa masa wace ƙafarka ce mai ciwo. Kotun ta kuma bayyana cewa da an biya kuɗin, biyu daga lauyoyin P&ID za su iya tashi da kaso mai kauri, ɗaya har fam miliyan 850, ɗaya har fam miliyar 3.

An yi murna a Abuja, kuma ta cancanta. Amma wanda ya karanta hukuncin da kyau ya san alƙalin bai wanke Najeriya tas ba. Bai karɓi dukkan zarge-zargenta ba, ciki har da cewa an sayi babban lauyan da ya fara kare ta. Ya kuma nuna yadda jami'anta suka yi sakaci tun daga rubuta yarjejeniyar har zuwa zaman sasancin farko, inda aka bar lissafin riba na kamfanin ya wuce ba tare da an ƙalubalance shi yadda ya kamata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin lauyoyin da Najeriya ta kashe a wannan zagaye kaɗai ya haura fam miliyan 40, sama da miliyar 30 na sefa. Kotu ta ce P&ID ne zai biya, amma karɓo kuɗi daga kamfanin da ba ya da komai sai takarda wani aiki ne daban.

Duk wanda ya taɓa zama wurin rikicin gona a fadamar Gulbi ya san wannan labarin, girmansa ne kawai ya bambanta. Uba ya ba da gona aro ko jingina da baki, ba a je wurin mai gari ba, ba a rubuta a kwamitin filaye ba. Shekara ashirin, shaidu sun mutu, wanda ya rage kuma an bi shi da dare da ɗan goro. Ranar da aka je gaban alƙali, ko wane gwanin magana ka ɗauko, abin da ke cikin takarda da abin da shaidu suka faɗa shi za a bi. Najeriya ta ci sa'a ne guda: masu zambar sun bar sawu a banki. Da hannu da hannu suka ba da kuɗin, da wata maganar ake yi yanzu.

Mu ma ba baƙin irin wannan ba ne. A 2011 gwamnatin Nijar ta ba kamfanin Africard kwangilar buga fasfo, ta soke ta a 2012. Kamfanin ya kai ƙara ƙarƙashin tsarin OHADA mai kotu a Abijan, a 2014 aka yanke wa Nijar biyan wajen miliyar 16 na sefa. Da ba a biya ba, lauyoyinsa suka bi dukiyar ƙasarmu a Faransa da Amurka suna neman a kama, har da gidaje. Sai a 2018 aka sasanta, bayan an sha kunya an kuma kashe kuɗi. Haka a Agustan 2024 wata kotun Faransa ta ba wani kamfanin Caina izinin tsare jiragen fadar shugaban Najeriya uku, kan wata rigima da gwamnatin jihar Ogun ta jawo. Wannan shi ne amsar masu cewa "to in mun ƙi biya fa?" Ba soja ake turowa ba. Jira ake jirginka ya sauka gyara a Turai, ko kuɗin man da ka sayar su biyo ta wani banki, ko jirgin ruwan da ya ɗauki kayanka ya tsaya a wata tasha.

A shari'ar da ke gabanmu, gwamnati na da abin faɗa, kuma ba ƙarami ba ne. Ta ce tun da Somaïr ta fara aiki a 1971, abokin hulɗar ya kwashi fiye da kasonsa na kashi 63 da ɗoriya cikin ɗari. Akwai maganar Imuraran da aka ba da lasisinta tun 2009 aka yi ta ɗage aiki. Akwai tulin dattin ma'adinai da aka bari a Arlit da Akokan bayan rufe Cominak a 2021. Orano kuwa ya musanta, yana cewa shi aka ƙwace wa dukiya ba bisa ƙa'ida ba. A Satumban 2025 alƙalan CIRDI suka ba da umarnin wucin gadi cewa kada Nijar ta sayar da ƙarfen uraniyom ɗin da ake rigima a kansa, hukumominmu kuma suka ce haƙƙin ƙasa ne ta kai kayanta kasuwa. Ko wane gefe mutum yake, abu ɗaya tabbas ne: abin da muke faɗa a filin taro ba shi ake karɓa a can ba. Za a ce a kawo lissafin tan nawa aka haƙa kowace shekara, wa ya ɗauka, a kan wane farashi, wace wasiƙa aka rubuta ranar kaza, wa ya amsa. Takardun shekara 50 ke nan. A ina suke, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin, kuma mutum nawa ke iya ɗaukar hotonsu da salula?

Wasu na cewa a fice daga CIRDI ɗin baki ɗaya, tunda dama tsarin ya fi karkata ga masu jari. Ƙorafin yana da tushe. Ƴan tsirarun mutane ne ke juyawa, yau mutum lauyan kamfani ne, gobe shi ne alƙalin sasanci a wata shari'ar, zaman kuma galibi a rufe ake yin shi. Alƙali Knowles da kansa ya ja hankali cewa irin wannan sirri, a shari'ar da ta shafi dukiyar al'umma, abin a sake dubawa ne. Bolibiya ta fice a 2007, Benezuwela a 2012. Sai dai ficewa ba ta goge ƙarar da aka riga aka shigar, kuma Ekwado da ta fita a 2009 ta dawo a 2021 don neman masu zuba jari. Ƙin halartar zama ma ba mafita ba ne, don ana ci gaba da shari'a ko ba ka nan, a saurari gefe ɗaya a yanke.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ɗaukar irin su Mishcon ba abin kunya ba ne ga ƙasar da ke neman ƴancin kanta. Wanda ke ƙara da kai ya ɗauki nasa, kai ma dole ka ɗauki naka, kuma akwai gidajen da suka yi suna wurin tsaya wa gwamnatoci, irin su Curtis na Niyok da ya kare Benezuwela a rigimarta da manyan kamfanonin mai. Abin da bai kamata ba shi ne a miƙa masu komai a koma gefe. Muna da hukumar da ke kare ƙasa a kotu, muna da ƙungiyar lauyoyi, muna da sassan koyon shari'a a jami'o'in Yamai da Tawa. Duk yarjejeniyar da za a yi da lauyan waje, ya kamata a sa sharaɗin namu su zauna a teburin, su koyi aikin, kwafin kowace takarda kuma ya kwana a gida. Kuma jama'a na da haƙƙin sanin sunan gidan da aka ɗauka da abin da ake biyan shi, tunda daga baitulmali kuɗin ke fita, inda na takin zamani da na gyaran famfunan fadamar Jiratawa ke fita.

Sannan ba uraniyom kaɗai ba ne. Akwai bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme ta Benin, da bashin dala miliyan 400 da aka karɓa daga kamfanin CNPC na Caina a Afrilun 2024 a kan man da za a sayar. Akwai kamfanin GoviEx na Kanada da shi ma ya shigar da ƙara kan Madawela a ƙarshen 2024 kafin a koma teburin tattaunawa. Akwai sababbin abokan hulɗa da ake sa hannu da su a kan zinariya, mai da lantarki. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maradi da kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke ginawa, wanda idan ya iso zai zo da nasa yarjejeniyoyin na tasha, sito da filaye a nan jiharmu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan takardu tana da wani ɗan sakin layi can wajen ƙarshe, wanda ba a karantawa a gidan talabijin ranar bikin sa hannu, mai faɗin inda za a je idan an saɓa da dokar ƙasar da za a bi. A yarjejeniyar P&ID, wannan sakin layin ne ya ɗauki rigimar Kalaba ya kai ta Landan.